Malamin Laburare a Shekararsa ta Farko: A Fara Buɗe Ƙofa

A wannan wata filin namu zai waiwayi wani malami da ba a cika tunawa da shi ba, wato wanda hedimasta ya miƙa wa mabuɗi ya ce masa, "Malam, daga yau laburare yana hannunka." A makarantunmu na Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, da Sawaba da Akwatia Line, galibi wanda ake ɗora wa wannan aiki malamin aji ne mai darussa cike da hannu, wanda bai taɓa karantar aikin laburare ba. Sai ya shiga da zafinsa, yana son fenti da kantoci sababbi da kwamfuta da kati ga kowane littafi, duk a lokaci guda. Kafin shekara ta ƙare ya gaji, ƙofar ta koma a kulle, littattafan kuma sun zama abincin gara. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Shawararmu ga sabon malami ita ce ya zaɓi aiki uku kacal, dukansu kuma manufarsu ɗaya: littafi ya isa hannun yaro. Duk abin da bai taimaka wa wannan ba, ya jira shekara mai zuwa.

Aiki na farko shi ne ya san abin da ke cikin ɗakin, ya kuma tsare shi. Wannan bai kamata ya wuce mako uku ba. A fara da duba rufi, domin a Kumasi ruwan sama sau biyu yake zuwa, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarami kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma yoyon dare ɗaya ya isa ya lalata abin da aka yi shekaru ana tarawa. A ɗaga kwalaye daga ƙasa, a janye kantoci daga jikin bango saboda laima da gara. Daga nan a raba littattafan kashi uku: waɗanda yaranmu za su iya karantawa yanzu, waɗanda malamai za su amfana da su, da waɗanda ba su da amfani ga kowa. Kashi na uku yakan yi yawa, musamman inda aka sami kyauta daga ƙasashen waje. Littafin jami'a a kan dokokin harajin Amurka ba ya ƙara wa ɗan aji huɗu komai sai cika kanta. Haka nan littattafan darasi da suka riga sabon manhajin firamare na 2019, a ware su ga malamai, kada yaro ya ɗauka su ne na yanzu.

A nan akwai abin lura da ya shafe mu musamman. Tun da aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana a 1987, makarantunmu da yawa suna koyar da Turanci da Larabci tare, don haka ɗakin yakan ƙunshi rubutu iri biyu. A ba littattafan Larabci kantarsu daban, Alƙur'ani da littattafan addini a sama. Waɗanda suka yage kuwa a miƙa wa liman ko malamin Larabci, ya san yadda zai yi da su. Kuskure ɗaya a nan ya isa ya ɓata tsakanin laburare da iyaye.

Aiki na biyu shi ne buɗe ƙofa a lokaci tsayayye, tun kafin hutun farko na shekara. Mu da muke koyarwa a Zango mun san yadda ranar yaronmu take. Da an tashi, wani zai wuce makarantar allo, wata kuma za ta tafi Kejetia ko Alabar ta taya uwarta ciniki. Saboda haka wanda ya ce zai riƙa buɗewa bayan an tashi, shi da kujeru zai zauna. Lokacin da ya dace shi ne hutun tsakar rana, da kuma darasi ɗaya a mako ga kowane aji, wanda hedimasta zai sa a jadawali da hannunsa. Kwana uku a mako da ba sa tashi sun fi kwana biyar na ganin dama, domin yaron da ya zo sau biyu ya tarar da kwaɗo ba zai zo na uku ba. Idan babu kujeru a shimfiɗa tabarma. Idan ma babu ɗaki, akwati mai kwaɗo da ake zagayawa da shi aji-aji laburare ne.

Aiki na uku shi ne ba da aro. Ba ya bukatar komai sai babban littafin rajista mai layi huɗu: sunan yaro da ajinsa, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. A zaɓi yara biyu daga kowane babban aji, mace da namiji, su riƙe rajistar su kuma mayar da littattafai mazauninsu. Abin da ke hana malamai da yawa ba da aro shi ne tsoron ɓata, kada a ce su biya daga albashinsu. Maganin wannan shi ne a zauna da hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai tun farko, a rubuta abin da za a yi idan littafi ya ɓata ko ya yage, kowa ya sa hannu. Lallai wasu za su ɓata. Amma littafin da yara ashirin suka karanta kafin ya ɓata ya biya kuɗinsa, wanda kuwa ya shekara goma a kabad ba a taɓa shi ba, shi ne asara.

To, me za a ajiye? Na farko shi ne cikakken tsarin lambobi. Tsarin da Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876 ya raba ilimi gida goma, addini a 200, kimiyya a 500, adabi a 800, tarihi da labarin ƙasa a 900, kuma tsari ne mai kyau. Sai dai mu yi lissafi. A ce makaranta tana da littafi 800, kowanne zai ci minti 10 kafin a ba shi lamba a rubuta masa kati. Wannan ya haura awa 130. Malamin da ke da awa uku a mako zai yi sama da mako 40 a kai, wato shekarar karatu ta wuce ke nan ba yaron da ya buɗe littafi. A bana ya isa a manna takarda mai launi a gadon bayan littafi: ja ga labarai masu sauƙi, kore ga kimiyya, shuɗi ga tarihi, da sauransu. Na biyu shi ne kwamfuta, wadda ke zuwa da kuɗin wuta da gyara da tsaro. Na uku shi ne rubuce-rubucen neman taimako. Wanda bai san abin da yake da shi ba, bai san abin da zai roƙa ba.

Idan ɗan kuɗi ya samu, a sayi abin da yaro zai ga kansa a ciki. Tatsuniyoyin Ananse da Peggy Appiah ta tattara a nan ƙasar Asante ba baƙi ba ne ga yaron da ya tashi da labarin Gizo. Akwai kuma littattafan Meshack Asare, wanda ya ci kyautar Noma a 1982. Na Hausa sun fi wuyar samu, tunda Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ke buga wa littattafai, amma 'yan kasuwarmu masu zuwa Kano za su iya sayo Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam idan an ba su sautu. Har ila yau, kada malami ya manta ba shi kaɗai ba ne. Hukumar laburare ta ƙasa tana aiki tun 1950, kuma babban laburarenta na jihar Asante yana nan Bantama, a harabar Cibiyar Al'adu. Ya je ya gaida ma'aikatan ya nemi shawara, ya kuma kai 'yan ajinsa su ga yadda ake yi.

Muna kira ga hedimastoci su rage wa wannan malami darasi ko da biyu ne a mako. Iyaye kuma, idan yaro ya zo gida da littafi, a tambaye shi abin da ya karanta, a ba shi wurin ajiya nesa da miya da ƙannensa. Yaron da bai saba karatu ba, duk tambayoyin jarrabawar BECE duhu ne a gare shi, ko da na lissafi ne.

A ƙarshen shekara, kada a ƙirga littattafan da ke kanta, a ƙirga layukan da aka cike a rajistar aro. Shi ne ma'aunin aikin. Sannu ba ta hana zuwa. A nan za mu dasa aya, sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.