YARA SUN FI AZUZUWA YAWA

Ran 13 ga Afrilu 2021 wuta ta tashi a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas, nan Yamai. Yara wajen 20 suka ƙone, yawancinsu ƙanana ƙwarai. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sake yin irinta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka halaka. Duka biyu a azuzuwan zana ne. Mu da ke riƙe da alli mun san irin ajin nan: itace huɗu, zana, rufin kara, ƙofa ɗaya. Ana kafa shi bayan damina domin yaran da aka rubuta sun fi ginin da ke akwai. To, jama'a, ina dalilin da kullum yara ke fin gini yawa? Yau maganar da za mu yi ke nan, ko da ba ta yi wa wasu daɗi ba.

Ga lissafi. Sa'ad da Nasara suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kawo shi Yamai a 1926, garin ƙauye ne a bakin kogi. A 1960, shekarar da muka karɓi mulkin kai, mutanensa wajen 30,000 ne. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da miliyan 1. Ƙasar Nijar gaba ɗaya kuwa, miliyan 5 ne da 'yan kai a ƙidayar 1977, miliyan 7 a 1988, miliyan 11 a 2001, miliyan 17 a 2012. Tsakanin ƙidaya biyu na ƙarshe jama'a na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 kowace shekara, watau kowace shekara 18 sai mu ninka. Duk ɗan aji shida ya iya wannan lissafi. Ma'anarsa ita ce kafin jaririn bana ya isa aure, wajib ne a ninka azuzuwa, da malamai, da gidajen likita, da rijiyoyi, da rumbunan hatsi. In an yi duk wannan ma, ba a ci gaba ba, an tsaya ne inda ake.

Ba mu manta da laifin mulkin mallaka ba. Faransa ta yi shekara wajen 60 tana mulkinmu, ta karɓi haraji, ta sa aikin tilas, ta tafi ta bar mu ba ko yaro biyar cikin ɗari da ke lakwal. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, fitilun Turai sun daɗe suna ci da shi, ƙauyukanmu na cikin duhu. Saboda haka ne da shugaban Faransa Macron ya tsaya a Jamus a 2017 yana zancen matan Afirka masu haihuwar 'ya'ya bakwai ko takwas, ran mutane ya ɓaci, kuma da gaskiyarsu. Amma fushi da Macron bai gina aji ko ɗaya ba. Yaran namu ne, ba nasa ba.

Wasu kan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Haka ne. Sai dai gonar da kaka ya nome shi kaɗai a kudancin Maraɗi, yau jikoki da yawa ke rabonta, kowa ya sami ɗan yanki, ba a kuma barin ta ta huta. Wanda bai sami komi ba sai ya kama hanyar bida, ko Kwatano, ko Abijan, ko Yamai, ya kafa bukka a kwari inda ruwa zai ci shi, kamar yadda kogi ya ci unguwanni a 2012 da 2020. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, mafi yawansu mata da yara.

Abin da muke so a gane shi ne, tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce da Nasara ya kawo. Kakanninmu mata sun san ta. Mace in ta haihu takan tafi gidan iyayenta wankan jego, ta shayar da ɗanta shekara biyu, Alƙur'ani ma ya ambaci shekara biyun nan. Wadda ta yi ciki da goyo a baya sai a ce ta yi rurrutsa, abin kunya ne gare ta da mijinta, gama an san na goye zai rame, uwa ta lalace. Da, kyanda da tamowa su ke kwashe yara da yawa, shi ya sa ake haihuwa ba ƙidaya. Lamba da magani sun rage mutuwa, alhamdu lillahi. Al'adar tazara kuwa ta yi rauni, musamman a birni. Tun 2006 gwamnatin Tanja ta ce a ba da maganin tazara kyauta. A 2012 bincike ya nuna mace ɗaya na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a 2021 ya sauko 6.2. Ashe abin na motsawa in an taɓa shi.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne 'yan mata. Binciken nan na 2012 ya sami mata uku cikin huɗu an aurar da su kafin su cika 18. Kowane mushe ya ga wannan da idonsa. Yarinya ce ta ɗaya a lissafi, an dawo hutu, bencinta ba kowa. Ka tambaya, a ce an kai ta ɗaki. Wadda aka aurar tana 14 za ta fara haihuwa ƙugunta bai yi ƙwari ba, nan ne yoyon fitsari ke samun mata. Wadda ta kai 19 da takardarta a hannu kuwa za ta karanta katin awo, ta san ranar lamba, ta iya magana da mijinta. A Disamba 2017 an sa hannu a doka ta kare yarinya mai karatu. Dokar na cikin takarda, uban yarinya kuwa na cikin gida, shi ke yanke magana.

Don haka da maza muke. A jihar Damagaram an buɗe abin da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta ke zama da ungozoma da liman su tattauna lafiyar matansu. Ba kuɗi mai yawa ta ci ba, tabarma ce da inuwa. Muna roƙon kowane reshe na jam'iyya a Yamai, daga Gamkalle har Yantala, ya yi irin wannan zama sau ɗaya a wata. Sa'an nan sakataren reshe ya je lakwal ɗin unguwarsu ya rubuto mana abu biyu: azuzuwan zana nawa ne, kuma 'yan mata nawa ba su dawo ba bayan hutu. Za mu buga adadin a wannan shafi, unguwa unguwa, mu kai wa ministan ilimi hannu da hannu.