Takin Kyauta Da Ya Ɓata Rijiyoyi: Darasi Daga Jihar Maine

'Yan'uwa manoma, a ƙuryar arewa maso gabashin Amurka akwai wata jiha mai suna Maine, ƙasar dazuzzuka da shanun madara. Abin da ya sami manomanta, da kuma dokokin da majalisar jihar ta yi a kansa, ya isa a karanta a taron kowace ƙungiyar gama kai.

Shekaru da yawa ana ba manoman Maine taɓon da yake kwanciya a matatun ruwan ƙazanta na garuruwa da na masana'antun takarda, su zuba a gona a matsayin taki. Kyauta ne ko kuwa da araha, kuma da izinin gwamnatin jiha. Ciyawa ta yi kyau, shanu suka ƙoshi. Ashe a cikin taɓon akwai wasu sinadarai da ake kira PFAS. Tun wajen 1940 masana'antu suke yin su domin tukwanen da abinci ba ya kama su, da rigunan ruwa, da takardar naɗe abinci, da kumfar kashe gobara. Halinsu shi ne ba sa ruɓewa. Rana ba ta cinye su, tafasa ruwa ma ba ya fitar da su. Daga ƙasa su gangara rijiya, daga ciyawa su shiga madara, daga nan su taru a jinin mutum. Masana sun danganta waɗansunsu da sankarar ƙoda, da ciwon hanta, da rage ƙarfin allurar rigakafi a jikin yara.

A 2016 aka gano su a wata gonar shanu a garin Arundel, har mai gonar ya rasa kasuwar madararsa. A 2020 aka same su a rijiyoyin gidaje a yankin Fairfield, a 2021 kuwa hukuma ta gargaɗi mutane kada su ci naman barewar da aka harbo a wurin.

To, me majalisar jiha ta yi? Ba ta zauna jiran gwamnatin tarayya ba. A 2021 ta sa iyaka ga ruwan sha: jimlar iri 6 na PFAS kada ta wuce kashi 20 cikin miliyan sau miliyan. Ta kuma umarta a auna ƙasa da ruwa a wuraren da aka taɓa zuba taɓon. A 2022 ta hana zuba shi a gonaki gaba ɗaya, ita ce jiha ta fari da ta yi haka a Amurka. A shekarar nan kuma ta ware dala miliyan 60 domin manoman da abin ya shafa: a mayar musu da abin da suka yi hasara, a duba lafiyarsu, a sayi gonar wanda ya ga ba zai iya ci gaba ba. Gwamnatin tarayya ba ta kafa tata iyakar ba sai a 2024.

A ganina, wannan kuɗi na manoma shi ne ƙashin bayan dokar. Gama manomin bai yi laifin kome ba. Abin da hukuma ta ce yana da kyau shi ya zuba. In doka ta ce a auna rijiya, a hana sayar da madara, sa'an nan ta bar mutum da bashi da gonar da ba mai saye, wa zai yarda a auna tasa? Kowa zai yi shiru, gubar kuwa ta ci gaba da shiga cikin 'ya'yan maƙwabta. Amma in manomi ya san faɗin gaskiya ba zai jefa iyalinsa cikin yunwa ba, shi da kansa zai kira ma'auna. Tun kafin kuɗin gwamnati ya fito ma, ƙungiyar manoma ta MOFGA tare da wata ƙungiyar kare gonaki sun kafa asusun gaggawa domin taimakon 'yan'uwansu.

Waɗansu sun yi ƙorafi cewa dokar ta jawo tsada, kuma ba ƙarya suka yi ba. Taɓon da aka hana zubawa a gona dole a binne shi a juji, har a 2023 aka riƙa kai wani Kanada a manyan motoci. Amma wannan tsada ana iya lissafa ta. Rijiyar da ta ɓaci kuwa, jikoki ma za su gāje ta a ɓace.

Mu ma mun san takin da yake fitowa daga gari. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen takin bola, masu lambu suna ban ruwa da ruwan Jakara, masana'antun fata kuma suna zuba nasu ruwan a kogin Challawa. Bolar yau ba irin ta kakanninmu ba ce, ta toka da kashin awaki. Yanzu cike take da leda da batir da tarkacen kanti. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ga shawarata ga kowace ƙungiya. Kada ku karɓi taki ko taɓo daga masana'anta ko matatar ruwa sai kun san abin da yake ciki, a rubuce. Magatakarda ya rubuta a littafin ƙungiya abin da aka zuba a kowace gona, da shekarar, da inda ya fito. Kada a tara takin bola kusa da rijiya. In kuwa ɗan majalisarku na jiha ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi abu biyu: wa yake auna ruwan rijiyoyinmu, kuma in an sami guba a gonar talaka, wa zai biya shi?