Waƙa a Bakin Mai Ita: Basil Dearden da Labarin Mahadin Sudan

Gabatarwa

A cikin masu ba da umarni a finafinan Birtaniya na tsakiyar ƙarni na 20, kaɗan ne suka kai Basil Dearden damuwa da halin da baƙar fata yake ciki a birnin Landan. Shi ne kuma mutumin da ya fitar da fim ɗin Khartoum a 1966, inda aka rina fuskar wani Bature domin ya fito a matsayin Muhammadu Ahmad, Mahadin Sudan. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu a rayuwar mutum guda ita ce abin nazari a nan. Matsayin wannan maƙala shi ne, kyakkyawar niyya da ƙwarewar sana'a ba sa maye gurbin sanin mutanen da ake ba da labarinsu. Batun ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye, domin tarihin da Dearden ya ɗauka ya mayar fim yana da reshe da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Barno, ya sauka a gabashin Sudan, inda har yau Hausawa suke zaune a Gadarif da kewayenta.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Dearden a ranar 1 ga Janairu, 1911, a garin Westcliff-on-Sea da ke yankin Essex a Ingila. Ya faro daga wasan kwaikwayo na dandamali, sannan ya shiga kamfanin shirya finafinai na Ealing, inda ya yi shekaru yana koyon aiki kafin a damƙa masa ragama. Fim na farko da ya ba da umarninsa shi kaɗai shi ne The Bells Go Down na 1943, wanda ya yi magana a kan 'yan kwana-kwanan Landan a lokacin da jiragen Jamus suke yi wa birnin ruwan bama-bamai. Daga nan ya ƙulla abota ta sana'a da Michael Relph, suka daɗe suna aiki tare, har aka san su da finafinan da suke taɓo matsalolin al'umma. The Blue Lamp na 1950 ya duba aikin ɗan sanda, Violent Playground na 1958 ya duba lalacewar tarbiyyar matasa a birnin Liverpool, shi kuwa Life for Ruth na 1962 labarin uba ne da ya hana a yi wa 'yarsa ƙarin jini saboda aƙidarsa. A ƙarshen rayuwarsa ya yi aikin talabijin, ya ba da umarni a wasu sassa na shirin The Persuaders! wanda Roger Moore da Tony Curtis suka fito a ciki. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Landan a ranar 23 ga Maris, 1971, yana da shekara 60.

Finafinai biyu ne suka fi dacewa da wannan nazari. A Pool of London na 1951, Dearden ya ba Earl Cameron, baƙar fata ɗan tsibirin Bamuda, babban matsayi na matuƙin jirgin ruwa wanda ya shaƙu da wata Baturiya, abin da ba a saba gani ba a sinimar Birtaniya ta wancan zamani. A 1959 kuma, shekara guda bayan tarzomar launin fata ta unguwar Notting Hill, ya fitar da Sapphire, labarin wata ɗaliba da aka kashe, wadda bincike ya nuna cewa ruwa biyu ce amma tana rayuwa a matsayin farar fata. Ta hanyar binciken 'yan sanda aka riƙa bankaɗo ƙiyayyar da ke ɓoye a zukatan masu gidajen haya, da maƙwabta, da surukai, har da ɗaya daga cikin 'yan sandan. Fim ɗin ya ci lambar yabo ta BAFTA. Abin da ya ba shi ƙarfi a fili yake. Dearden ya san Landan, ya san lungunanta, ya san irin maganar da mutanenta suke yi idan sun rufe ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Khartoum: Inda Sani Ya Ƙare

Khartoum shi ne aiki mafi girma da ya taɓa shiga hannunsa. Robert Ardrey ne ya rubuta labarin, Charlton Heston ya fito a matsayin Janar Gordon, Laurence Olivier kuma a matsayin Mahadi. An ɗauki fagagen yaƙi a Masar, saura kuma a Ingila. Fim ɗin ya faro da halakar rundunar Hicks a Kurdufan a 1883, ya bi ta kan ƙawanyar da Ansaru suka yi wa Hartum tun daga Maris 1884, ya ƙare da faɗuwar birnin da kisan Gordon a ranar 26 ga Janairu, 1885, kwana biyu kafin isowar jiragen agaji.

Adalci ne a faɗi abin da masu kare fim ɗin suke faɗa. Ba a nuna Mahadi a matsayin wawa ko matsoraci ba. An nuna shi mutum mai basira da kwarjini, wanda Gordon kansa yake girmamawa, kuma an fito da wayon 'yan siyasar Landan, musamman Firaminista Gladstone, wanda ya tura Gordon ba tare da runduna ba domin ya wanke hannunsa. Idan aka kwatanta da finafinan daular Birtaniya na shekarun 1930, wannan ci gaba ne.

Sai dai girmamawar ta tsaya a fuskar mutum guda, shi ma ɗin ba ɗan Sudan ba ne. Fim ɗin ya haɗa Gordon da Mahadi ido da ido a cikin tanti suna muhawara, alhali tarihi ya nuna ba su taɓa haɗuwa ba. Wasiƙu kawai suka yi musaya, har Mahadi ya aika masa da jibba mai faci yana kiransa zuwa Musulunci. Ƙirƙira a cikin wasan kwaikwayo ba laifi ba ce, amma ana duba abin da aka ƙirƙira da kuma abin da aka bari. An ƙirƙiri ganawa domin a mayar da juyin juya halin al'umma guda gasar imani tsakanin mutum biyu. An bar tambayar da ta fi kowace muhimmanci: me ya sa dubban manoma da makiyaya da fatake suka bi ɗan masu sassaƙa jiragen ruwa daga yankin Dangola, almajirin ɗariƙar Sammaniyya, wanda ya yi da'awarsa a tsibirin Aba a 1881? Amsar tana cikin shekara sittin na mulkin Turkawan Masar tun daga 1821, da harajin da ake karɓa da bulala, da ɓacin ran malamai, da kuma fushin fataken bayi waɗanda aka taɓa musu kasuwa. Kusan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da mai kallo zai fahimta. Abin da yake gani shi ne taron mayaƙa masu ihu, ba suna, ba gida, ba dalili. Mutumin Afirka da ya fi samun damar magana shi ne baran Gordon, wanda Johnny Sekka ya fito a matsayinsa. Ko mutuwar Gordon a kan matakala, an tsara ta ne bisa wani sanannen zane da George William Joy ya yi, wato an kwaikwayi yadda Ingila ta so ta tuna da abin.

Ke nan mutumin da ya iya shiga ɗakin hayar baƙar fata a Landan ya saurare shi, da ya zo Sudan sai ya tsaya a kan ganuwa tare da Gordon yana hangen jama'a daga nesa. Zuciyarsa ba ta sauya ba, iliminsa ne ya ƙare, kuma tsarin sana'ar bai tilasta masa ya nemi wanda ya sani ba.

Reshen da Ya Taso Daga Ƙasar Hausa

Abin da ya sa wannan giɓi ya shafi Hausawa shi ne, labarin Mahadi bai tsaya a bakin Kogin Nilu ba. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya musanta cewa shi ne Mahadi, jama'ar daular Sakkwato suna da tsammanin cewa za a yi ƙaura zuwa gabas gabanin bayyanarsa. Da labarin Muhammadu Ahmad ya iso, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa, ya tara mabiya a Balda cikin ƙasar Adamawa, ko da yake mahukuntan Sakkwato ba su amince da da'awar ba. Zubairu Fasha, wanda ya fito a fim ɗin a ɗan gajeren zama da Gordon, shi ne ubangidan Rabe, wanda ya ci Barno da yaƙi a 1893. Bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kama hanyar gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Ita kanta Gadarif, wadda a da ake kira Suƙ Abu Sin, tana tsakiyar wannan tarihi. A kudu da ita, a Gallabat kan iyakar Habasha, Ansaru suka gwabza da rundunar Sarki Yohannes na Huɗu a 1889, inda sarkin ya rasa ransa. A watan Satumba na 1898, makonni kaɗan bayan yaƙin Karari a Umdurman, aka yi yaƙin da ya fitar da garin daga hannun Mahadiyya. A shekarun da suka biyo baya, alhazan ƙasa masu tafiya Makka daga Kano da Katsina da Barno sun riƙa yada zango a yankin domin su nemi guzuri, wasu suka wuce, wasu suka zauna suka hayayyafa. Baƙar ƙasar Gadarif mai riƙe ruwan sama ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan, musamman bayan an fara noman inji a shekarun 1940, kuma gumin waɗannan mutane yana cikin abin da ya gina ta.

Ɗalibin harshe zai amfana da lura da sunayen da ake kiransu. Larabawan Sudan suna cewa Fallata, kalmar da asalinta Fulani take nufi amma aka faɗaɗa ta ta haɗa da Hausawa da Barebari. Akwai kuma Takari, daga Takruri, wadda ta dawo cikin Hausa da ma'anar mutumin da ya je ƙasar Larabawa ya zauna ba bisa ƙa'ida ba. Duka sunayen biyu wasu ne suka raɗa su, kuma sau da yawa suna ɗauke da ma'anar baƙo. Illar haka ta fito fili a watan Yuli na 2022, lokacin da rikici kan ƙasa da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, aka rasa rayuka fiye da ɗari, Hausawa suka fito zanga-zanga a biranen Sudan da dama. A ƙarƙashin rikicin akwai tambaya guda: shin mutanen da kakanninsu suka zauna a wuri fiye da shekara ɗari 'yan ƙasa ne ko baƙi? Al'ummar da ba a san labarin zuwanta ba, da sauƙi a ce mata jiya ta zo.

Abin da Ya Rage ga Masu Labarin

Zargin Dearden kaɗai ba zai biya buƙata ba, domin ya yi fim ɗin Ingila ne saboda 'yan kallon Ingila da Amurka. Abin koyi yana wajen waɗanda suka karɓi na'urar daga hannun Turawa suka juya ta. Gadalla Gubara, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 2008, ya koyi ɗaukar hoto a zamanin mulkin mallaka, sannan a ƙarshen shekarun 1970 ya fitar da Tajouj, labarin soyayya na gargajiya daga gabashin Sudan, da 'yan wasan ƙasar da harshensu. Ko bayan ya makance bai bar sana'ar ba, 'yarsa Sara ta zama idonsa. A Nijeriya, Adamu Halilu ya taso daga sashen finafinan gwamnatin Arewa, wato zamanin majigi, ya kuma mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, labarin da shi ma ya bi hanyar fatake da bayi daga ƙasar Hausa zuwa arewacin Afirka. Waɗannan mutane biyu ba su da kuɗin da aka kashe wa Khartoum, amma sun san yadda mutanensu suke gaisawa, da abin da ke sa su kuka.

Tafiyar Attahiru zuwa Burmi, da wahalar waɗanda suka ƙarasa Mai Wurno, da rayuwar alhajin da ya bar Katsina yana saurayi ya tsufa a gonar riɗi a Gadarif bai kai Makka ba, duk labarai ne da suka isa a yi musu fim. Masana'antar Kannywood tana da 'yan wasa da 'yan kallo, jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna da masana tarihi, Hausawan Sudan kuma suna da dattawa masu riƙe da labarin a baki. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, wanda ya cika Gadarif da 'yan gudun hijira, ya sa aikin tattara wannan labari ya zama na gaggawa, domin dattijo ba ya jiran a gama shiri.

Kammalawa

Darasin yana da kaifi biyu. Ɗan fim daga Kano da zai je Gadarif da labarinsa a rubuce tun daga gida, bai zauna da mutanen ba, bai ji Hausarsu mai gauraye da Larabci ba, zai faɗa ramin da Dearden ya faɗa, ko da kuwa launin fatarsu ɗaya. Rayuwar Dearden ta nuna cewa mutum guda yana iya gani da kyau a unguwarsu, ya kasa gani a ƙasar wasu. Ɗalibin da ya kalli Sapphire sannan ya kalli Khartoum a jere zai ga bambancin da idonsa, daga nan kuma sai ya tambayi kansa wane dattijo ne a cikin danginsa ya san hanyar gabas, kuma yaushe zai je ya ɗauki muryarsa.