Wa Zai Zana Mana Gulbin Rima?



A Ingila, mutane kan shiga mota a ƙarshen mako su nufi Landan don kallon zanen da John Constable ya yi a 1821. Amalanke ce kawai cikin ruwa, ga itatuwa, ga gajimare. Karkarar da ya tashi ya zana, har gobe ana zuwa kallo.

Mu fa? Da za mu tashi daga Isa ran Asabar mu nufi Sabon Birni, ido zai ƙoshi: ga Gulbin Rima da fadamunsa, ga kufan Alƙalawa, birnin Gobir da aka ci a 1808. Sai dai hanyar yanzu da addu'a ake bin ta. A kanta aka ƙona matafiya cikin mota a Disambar 2021. Baƙo iyakar abin da ya sani game da mu ke nan.

Mu ma da namu laifin. Jarumarmu kan cinye shafi uku tana kwalliya a falon Abuja, amma ba layi ɗaya kan launin gulbi bayan ruwan farko. Tunda ba buroshi a hannunmu, akwai alƙalami. Yaranmu da ke girma a gudun hijira a jihar Maraɗi, ina za su ga garinsu in ba mu rubuta shi ba?

Aikin makon nan: sakin layi ɗaya kan wurin da ƙafarku ta taka. Kada bindiga ta shigo ciki. Muna jira.