A KAWO MAKARANTAR KARA, KADA A CE FALKE YA JE SHAMBAT

Tun da sojojin gwamnati suka karɓe birnin Khartum a watan Maris na 2025, maganar da ake ta yi ita ce ta sake gina abin da yaƙi ya rusa, har da makarantu da cibiyoyin horaswa. To, mu 'yan kasuwar dabbobi muna da ta cewa a nan, kuma gara mu faɗa tun ba a ɗora tubali ba.

Kowa ya sani ƙasar nan ba ta rasa makarantun dabbobi ba. Tun 1938 aka buɗe makarantar likitocin dabbobi ta Khartum, wadda ta zama tsangayar jami'a a Shambat. Ga kwalejin Hillat Kuku, ga ɗakin bincike na Soba inda aka riƙa haɗa allurar rigakafi. Sun fitar da likitoci masana, kuma ba wanda zai musa aikinsu, domin dattawanmu sun ga yadda bushiya take share garke, yau kuwa tun 2011 an bayyana cewa babu ita a duniya baki ɗaya. Amma fa duk waɗannan wurare an gina su ne don yaron da zai fito da takarda ya nemi aikin gwamnati. Shi kuwa falken da ya zuba jarinsa kaf a shanu arba'in, ya koro su daga Niyala wata biyu ko fiye a ƙasa har kasuwar Muwailih ta yammacin Umdurman, wa ya taɓa zaunar da shi ya koya masa wani abu?

Wani zai ce ai ba ya bukata, a kara aka haife shi. Gaskiya ne ba wani malami da zai koya wa ɗan kara duba haƙoran sa ko gane saniyar da ta sha wahalar hanya. Ido ɗaya zai yi mata ya faɗi kuɗinta. Sai dai abin da yake karya ƙaramin falke a yau ba a jikin saniya yake ba, a jikin takarda yake.

Ku dubi sha'anin bashi. Cinikinmu daga Darfur da Kurdufan zuwa Umdurman a kan amana ya ginu: mai kiwo ya ba ɗan sababa, shi ya ba wakili, wakili ya kawo wa babban ɗan kasuwa, damini kuma ya tsaya cewa dabbar ba ta sata ba ce. A ƙarshen wannan igiya sai mai fitarwa waje ya karɓi kaya ya ba da cek na wata biyu ko uku. In ya biya, alhamdu lillahi. In ya karye, to duk wanda yake bayansa ya karye, kuma ƙaramin ne yake fara shan ƙasa, domin shi ma ya riga ya rubuta wa wani cek bisa dogaro da wancan. Mutum nawa a cikinmu aka taɓa karanta wa sashe na 179 na dokar laifuffuka ta 1991, wanda ya mai da cek maras kuɗi laifi? Da yawa sai a gaban alƙali suka fara jin lambarsa. Wannan darasin yini biyu ne kacal: yadda ake rubuta yarjejeniya, da shaidu, da ranar biya, da kuma kashi nawa na kaya ya kamata mutum ya yarda ya bayar bashi. Yini biyu, alhali kuwa rashinsa ya cinye jarin shekara ashirin.

Sai maganar sikeli. Mu da ido muke saye, amma Bamisire da Balaraben Saudiyya da kilo suke lissafi. Wanda ya iya ƙiyasta nauyin sa, ya san abin da zai rage a hanya, ya san buhun dusa da tunkuza nawa zai ci kafin ya mayar da jikinsa, shi ne zai san ko ya sayar yau ko ya ɗaure wata guda. Wanda bai iya ba, riba ce yake mika wa wanda ya iya, yana murna wai ya yi ciniki.

Ta fannin ciwo kuwa, mun sha gani. A 2000 Saudiyya ta rufe ƙofa saboda zazzaɓin Rif Bali, aka sake a 2007, aka kuma a 2019. Kowane karo masu ofis sukan ji ƙishin-ƙishin tun da wuri su janye hannu, mu kuwa sai mun tara raguna sannan labari ya same mu. Da an koya wa fatake alamomin ciwon, irin yawan ɓarin ciki a tumaki bayan damina mai ambaliya, da ma'anar kowace takardar killacewa ta Kadaru da ta Sawakin, da asarar ta ragu. Haka jirgin da ya nutse a Sawakin a watan Yuni na 2022 da tumaki sama da 15,000, alhali ɗaukarsa ba ta wuce kimanin 9,000 ba. Mai kayan da ya san yana da ikon tambayar takardar jirgi da inshora ba zai loda ido rufe ba.

Ban manta da Bankak ba. Da aka canja takardun fam 500 da 1,000 a ƙarshen 2024, aka ce sai ta asusun banki. Dattijon da duk rayuwarsa a lalita yake ajiya, dole ya miƙa wayarsa ga yaro ya tura masa miliyoyi. Allah Ya sa yaron na kirki ne.

Saboda haka ra'ayina shi ne, in za a tayar da cibiyoyin nan, a ware wa 'yan kasuwa nasu kason, kuma malamin ne zai taso ya zo kara. Falke ba zai bar shanu a rana ya tafi aji na wata shida ba. A kafa rumfa a bakin kasuwa, a yi karatu bayan La'asar in ciniki ya lafa, da Larabcin kasuwa da Hausa da Fulatanci, kada a zo mana da Turancin jami'a. Kada kuma a sa sharaɗin takardar firamare, domin mafi yawanmu allo muka yi, kuma wanda ya iya riƙe lissafin shanu ɗari uku a ka ba jahili ba ne. A haɗa likitan Shambat da tsohon dillali su koyar tare, kowa ya gyara wa ɗan'uwansa.

Mu ma kada mu zauna jiran gwamnati ko ƙungiyoyin agaji, don nasu shirin in kuɗi ya ƙare shi ke nan. Ina kira ga shugabannin ƙungiya da su kawo wannan magana a taro mai zuwa: a yanka wani ɗan abu a kan kowane sa da aka sayar, a riƙa biyan likita ɗaya da lauya ɗaya da mai lissafi ɗaya, a fara da yaranmu masu rakiyar shanu da 'yan kamasho. 'Yan'uwanmu masu shigowa ta Adare da Junaina su ma a ba su wuri a rumfar, tun da takardun kan iyaka su suka fi kowa shan wuyarsu.