Faifan Horon Hannu da Ma'anar "Daidai" a Kiɗa

Daga cikin kayan da ɗalibin kiɗan ganga a Turai da Amurka yake fara mallaka, tun kafin ya mallaki gangar kanta, akwai wani faifai na roba da ake liƙawa a kan katako. Faɗinsa yakan kama daga inci 6 zuwa inci 12. Ba shi da rami, ba shi da fata, kuma idan aka buge shi ba ya ba da amo sai 'yar ƙara ƙas-ƙas. Amfaninsa na fili shi ne mai koyo ya yi ta bugu dare da rana ba tare da ya hana maƙwabta barci ba. Sai dai malaman kiɗa sun fi daraja shi saboda wani dalili na daban. Ganga tana da rugugi da amsa-kuwwa waɗanda ke rufa wa mai koyo asiri, su haɗiye ƙananan kurakuransa. Roba kuwa ba ta da wannan kara. Idan hannun hagu ya fi na dama rauni, ko wani bugu ya riga lokacinsa, nan take kunne zai ji.

Wannan faifai bai faɗo daga sama ba. Ya taso ne daga kiɗan fareti na sojojin Turai, inda aka daɗe da rarraba aikin hannu zuwa ƙananan tubalai masu sunaye, kowanne da ƙa'idar hannun da zai fara da wanda zai biyo. A shekarar 1933 wasu fitattun makaɗan Amurka suka taru a Shikago suka kafa ƙungiya, suka ware tubalai 13 da suka ce wajibi ne kowane makaɗi ya ƙware a kansu, daga cikin 26 da suka amince da su. A 1984 wata ƙungiyar ta faɗaɗa jerin zuwa 40. Littafin George Lawrence Stone mai suna Stick Control, wanda ya fito a 1935, shafuka ne na dama da hagu zalla, kuma har yau ana karantar da shi. Billy Gladstone, makaɗin gidan wasa na Radio City a birnin New York, ya ƙera nasa faifan roba da ake ɗorawa a kan gangar kanta. Abin lura a nan shi ne, sai da aka fayyace abin da hannu zai yi, aka sa masa suna, aka rubuta shi, sannan faifan ya sami aikin yi.

A 'yan shekarun nan kamfanoni sun matsa gaba, sun fito da faifan da aka ƙera musamman domin gyara daidaiton bugu. Wani nau'in an ƙanƙanta shi ne kawai, kamar Wicked Chops na kamfanin Ahead, wanda faɗinsa bai kai inci 2 ba, ta yadda duk bugun da ya kauce wa tsakiya sai ya faɗa iska. Wani nau'in kuma na lantarki ne, kamar RMP-5 na kamfanin Roland da wanda ake kira Beatnik. Waɗannan suna ɗauke da agogon kiɗa a cikinsu, wato na'urar nan mai ƙidaya bugu da Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815, kuma suna nuna wa mai koyo ko ya riga agogon ko ya makara, har su ba shi maki. Idan aka tattara abin da waɗannan kaya suke nufi da daidai, za a ga bai wuce sanda ta sauka a wuri guda ba, a tazarar lokaci guda, da nauyi guda daga hannayen biyu.

A nawa ganin, babu abin ƙi a cikin wannan ga wanda aka yi abin dominsa. Makaɗan badujala na soja da 'yan sanda, da yaran da ke kiɗan fareti a makarantu, da masu buga jerin gangunan zamani a majami'un Jos da Kaduna, duk kiɗan da suke yi daga wancan tushe ya fito, kuma faifan zai yi musu amfani ƙwarai. Ba sai an sayo na waje ba ma, guntun katako da yankin robar tayar mota sun isa a fara. Matsayinsa matsayin allo ne ga almajiri: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa, har hannu ya faɗa. Abin da nake ja a kansa shi ne ɗaukar ma'aunin da ke cikin faifan a matsayin ma'anar daidai a kowane irin kiɗa, musamman kiɗan da mu manazarta Hausa muke da alhakin bayyana shi.

A ɗauki kalangu. Makaɗinsa yana rataye shi a kafaɗa, ya saƙale shi a hammata, yana matsa tsarkiya yana saki. Idan ya matsa, tantani ya ɗame, amo ya hau. Idan ya saki, amo ya sauka. Da wannan hawa da sauka ne kalangu yake bin karin sautin harshe, na sama da na ƙasa da faɗau, har mai sauraro ya tsinci take ko kirari a cikinsa ba tare da an buɗe baki ba. Duk ɗalibin da ya yi darasin tsarin sauti ya san cewa abin da ya raba kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ita shi ne karin gaɓar ƙarshe. Haka abin yake a bakin kalangu. Makaɗi zai iya sauke gula a tsakiyar tantani, a daidai lokacin da agogo ya ce, amma idan hammatarsa ta makara da ƙiftawar ido, to ya faɗi wata magana daban, ko kuma bai faɗi komai ba. Mahaucin da ake yi wa taken gidansu ba zai motsa ba, ɗan damben da ake zugawa ba zai ji tsuma ba. Faifan roba murya ɗaya gare shi. Rabin aikin makaɗin kalangu, wanda kuma shi ne mafi wuya, yana faruwa ne a wurin da faifan ba ya gani.

Batun tsakiya ma haka yake. Kotso, wanda Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙoƙinsu da shi, da taushi na su Jankiɗi, da hannu ake kaɗa su, kuma gefen fata da tsakiyarta, inda ake liƙa danƙo, kowanne da irin amon da ake nema a gare shi. Bugun da aka sake da wanda aka danne da tafi ba ɗaya ba ne. Wanda aka hora a kan cewa duk abin da ya bar tsakiya kuskure ne, an hore shi ne a kan ya guje wa rabin kalmomin kotso.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne wajen lokaci, domin a nan ne ake ganin kamar na'ura ba ta da abokin gardama. Ai daƙiƙa daƙiƙa ce, ko a Kano ko a Landan. To amma akwai binciken da ya kamata a tsaya a kansa. Rainer Polak, wani masanin kiɗa Bajamushe wanda ya daɗe yana koyon jembe a Bamako ta ƙasar Mali, ya wallafa nazari a 2010 inda ya auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu a kiɗan ƙwararrun makaɗa. Ya tarar cewa a wasu kaɗe-kaɗen ba a raba taki zuwa kashi uku masu tsawo ɗaya. Na farko gajere ne, na ƙarshe dogo, kuma wannan rabo yana nan daram ko da kiɗan ya ƙara sauri, ko da an sauya makaɗa. A wani aikin da ya yi da Justin London da Nori Jacoby a 2016, sun nuna cewa makaɗan suna haɗuwa da juna a irin wannan kiɗa da ƙwarewar da ba ta gaza ta kiɗan da tazararsa take daidai wa daida ba. Ma'ana, abin da faifan lantarki zai rage wa maki a kansa shi ne ainihin abin da makaɗin Bamako ya shekara goma yana nema. Jembe ba kayan kiɗan Hausa ba ne, kuma ba daidai ba ne a ɗauko sakamakon Mali a shimfiɗa wa Sakkwato. Amma tambayar da binciken ya tayar tamu ce. Harshen da ke bambanta gaɓa mai nauyi da mara nauyi, wanda marigayi Russell Schuh, Malam Takalmi, ya shafe shekaru yana nazarin yadda mawaƙansa ke ɗora gaɓoɓin a kan rauji, da wuya a ce kiɗan da ke kwaikwayon maganarsa ya zauna lafiya a cikin akwatunan agogo.

Ban da wannan, makaɗin Hausa ba agogo yake bi ba, mutum yake bi. Makaɗan Shata suna sauraron inda zai ja ɗa da inda zai yanke ya miƙa wa 'yan amshi. Mai kiɗan gayya yana kallon yadda garma ke tashi da sauka, idan ya ga gwiwa ta fara sanyi ya san abin da zai yi. A fagen dambe kiɗa yana zafi ne gwargwadon zafin wasan. Jinkiri da gaggawa a irin waɗannan wurare hukunci ne da makaɗi ke yankewa da gangan, kuma da shi ake gane gwani.

Wani zai ce ai wannan tsoro ne na banza, tunda babu wanda ya ɗauko faifan roba ya ce a koyi kalangu da shi. Gaskiya ne. Sai dai ma'aunin ya riga faifan isowa. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 da kiɗan fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, aka wayi gari galibin abin da matasa ke ji an haɗa shi ne a situdiyo, inda kwamfuta ke jawo kowane bugu ta ajiye shi a kan layin agogo. Har amon kalangu ana ɗauka a zuba a cikin na'ura, a yi ta maimaita shi ba ragi ba ƙari. Ban ga laifin masu wannan sana'a ba, abincinsu suke nema, kuma sun samar da nasu salon. Amma kunnen da ya tashi a kan wannan, ranar da ya ji tsohon faifan Ɗan Anace, yana iya ɗaukar gwaninta a matsayin rashin saiti. Idan kuma mai wannan kunnen ne ya zo jami'a ya rubuta kundi a kan kiɗan gargajiya, da wannan ma'auni zai yi hukunci, ko bai sani ba.

A nan ne faifan yake da darasin da ya fi ƙarfin robarsa. Nazarin waƙar baka a sassan Hausa ya yi nisa wajen matani: turke da tubalansa, salo da sarrafa harshe, zubi da tsari, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Sunayen kayan kiɗa da sassansu da waɗanda ake yi wa su ma an tattara, tun daga ƙamus ɗin da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971. Amma a yawancin kundayen ɗalibai, da zarar an zo kan kiɗan kansa sai a ambaci sunan abin kiɗa a wuce, kamar dai hannun da ke kaɗa shi ba abin nazari ba ne. Dalilin a fili yake. Ilimin hannu gado ne, a gida ake shan sa. Yaro yakan fara da gwangwani da ƙwarya, a ba shi ƙananan kayan rakiya irin su kuntuku ko kazagi ya yi shekaru yana riƙe wa manya gindin kiɗa, kafin a yarda ya rataya babban kalangu. Wannan makaranta ce cikakkiya, tana da matakanta da jarrabawarta, kuma kuntukun nan shi ne faifan horonta, da bambancin cewa yaron yana horuwa ne a cikin taro, kunnensa na kan sauran makaɗa. Matsalarta ɗaya ce: tana rayuwa ne muddin ɗa ya zauna a gaban uba, kuma 'ya'yan makaɗa da yawa yau sun kama wasu hanyoyin.

Abin da Amurkawan 1933 suka yi wa nasu kiɗan shi ne abin ara, wato su zauna su rarrabe aikin hannu, su sa masa suna, su amince da shi a tsakaninsu. Jerin nasu 26 ko 40 ba zai yi mana aiki ba. Namu sai an samo shi daga bakin makaɗa, da kalmomin da su da kansu suke gyara wa yaransu hannu da su, da baƙaƙen baki da suke rera kiɗa da su kafin su kaɗa. Kayan aikin ma suna hannunmu. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka samar kuma ake saukewa kyauta, da ita masu nazarin tsarin sauti suke auna karin sautin magana; za ta iya auna hawa da saukar kalangu da tazarar bugunsa. Ɗalibin digiri na biyu zai iya ɗaukar take guda, ya naɗi makaɗa biyar daga gidaje dabam-dabam suna kaɗa shi, ya naɗi yadda suke faɗarsa da baki, ya kwatanta. Zai kuma iya kunna wa dattijon makaɗi bugun almajirai ya tambaye shi wanne ne ya yi, wanne ne bai yi ba, sannan ya koma ga na'ura ya ga abin da kunnen dattijon ya kama. Ta haka na'ura za ta koyi ma'auninta daga makaɗi.

Idan an kai nan, ƙera abin horo na kalangu ba zai gagara ba: jiki da tsarkiya kamar yadda suke, domin hammata ta sami aikinta, da tantanin da aka rage wa ƙara yadda ɗalibi zai iya yini yana bugu a ɗakin kwanan makaranta. Wannan aiki ne da sashen Hausa zai iya yi tare da sashen kiɗa ko na wasan kwaikwayo a jami'o'in da suke da su, da masassaƙa da masu ɗaurin kalangu na gari. Sharaɗinsa shi ne makaɗan da aka ɗauko ilimin daga gare su a biya su kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi, kuma sunayensu su fito a bangon aikin tare da na mai bincike.