Maki Kaɗai Bai Isa Ya Zaɓi Wanda Zai Tsaya A Gaban Alƙali Ba

A Amurka akwai fannin da ya haɗa ilimin halayyar ɗan Adam da shari'a. Masanansa ne kotu ke kira su tantance ko wanda ake tuhuma yana da hankalin fahimtar shari'ar da ake yi masa. A 2001 ƙungiyar masana halayya ta Amurka, APA, ta amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa. To, ta yaya jami'a za ta gane ɗalibin da zai iya ɗaukar wannan nauyi tun ranar da ya nemi gurbi?

An daɗe ana dogaro da jarrabawar GRE da sakamakon digirin farko. A 1997 Robert Sternberg da Wendy Williams sun bibiyi ɗaliban ilimin halayya a Jami'ar Yale, suka ga GRE tana ɗan hango makin shekarar farko, amma ba ta taɓuka abin kirki wajen hango ingancin kundin binciken ɗalibi. A 2001 kuwa Nathan Kuncel da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa, suka ce jarrabawar tana da amfani. Akwai kuma matsala ɗaya: wanda aka ɗauka kaɗai ake iya bibiya. Wanda aka kora a ƙofa, ba a san abin da zai zama ba.

A ganina a riƙe makin, amma kada ya zama shi ne mai gadin ƙofa. Aikin wannan masani rahoto ne da alƙali zai karanta, da kuma amsa tambayoyin lauyan da ke neman karya shi. A sa mai neman gurbi ya rubuta rahoto a kan wani misali, a ga ko zai raba abin da ya gani da abin da yake zato.

A 2014 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Hall da jihar Florida, ta hana a tsaya a kan makin basira 70 cak wajen yanke ko za a kashe mutum, domin kowane gwaji yana da kuskuren awo. Idan lamba ɗaya ba ta isa ta yanke wa fursuna hukunci ba, bai kamata ta yanke wa wanda zai auna shi ba.